Gyambon Kwanciya Da Haƙƙin Tsohon Da Ba Ya Iya Juyawa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya raine mu muna jarirai a hannun iyayenmu, kuma Yake mai da wanda Ya so daga cikinmu hannun 'ya'yansa idan girma ya kama shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi wani irin miki ne wanda ba sara ko suka ko ƙuna ke kawo shi ba, kwanciya ce kurum take haifar da shi. Shi ne gyambon da ke ɓullowa a jikin majinyacin da ya daɗe kwance a ɓangare guda ba a juya shi ba. Larabawa suna ce masa ƙarhatul firashi, watau gyambon shimfiɗa, mu kuwa bari mu kira shi gyambon kwanciya. Wataƙila wani ya ce ina ruwan filin addini da maganar gyambo, ai wannan aikin likita ne. To, ya yi haƙuri ya biyo mu, zai ga cewa akwai haƙƙi a cikin maganar, kuma akwai hukunci.

Duk almajirin da ya kai Suratul Kahfi ya san labarin samarin nan da suka gudu da imaninsu suka shiga kogo, Allah Ya sa musu barci har shekara 309. A aya ta 18 Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba mu labarin cewa a tsawon wannan barci Yana jujjuya su, wani lokaci dama, wani lokaci hagu. Ibnu Kasir ya kawo a cikin tafsirinsa cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya bayyana hikimar haka da cewa da ba a jujjuya su ba, da ƙasa ta ci jikinsu. Ga masu sha'awar Larabci akwai abin lura a kalmar da ta zo a wurin, watau nuƙallibu. Asalinta ƙalaba ne, ya juya abu. Da aka sa wa lam shadda ta koma ƙallaba, sai ta ba da ma'anar yawaitawa, daidai da yadda Bahaushe yake bambanta juyawa da jujjuyawa. Sa'an nan kuma ta zo da sigar mudari'i, wadda take nuna aiki mai sabuntuwa, ba wanda aka yi sau ɗaya aka gama ba. Babu shakka Allah Mai iko ne Ya tsare jikinsu ba tare da juyi ba, kamar yadda Ya raya su ba ci ba sha, amma sai Ya nufi Ya tsare su ta hanyar sababi, kuma Ya ambaci sababin domin mu ji.

Abin da likitoci suka gano game da wannan al'amari ba shi da wuyar fahimta. Jini yana ratsa fata da tsoka ta cikin wasu 'yan jijiyoyi waɗanda suka fi gashi siranta. Idan mutum ya kwanta, nauyin jikinsa yana danne naman da ke tsakanin ƙashi da shimfiɗa, sai jijiyoyin nan su matse, jini ya daina isa wurin. Mai lafiya bai san da wannan ba, domin da zarar wurin ya fara gajiya zai motsa ko da cikin barci ne, sau da yawa a dare ɗaya, kuma ni'ima ce da ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa tashi da safe suka gode wa Allah a kanta. Amma wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙashin ƙugunsa ya karye, ko lakarsa ta taɓu, ko tsufa ya kai shi inda ba ya iya ɗaga kafaɗarsa, to shi yadda aka ajiye shi haka za a dawo a tarar da shi, kuma cikin 'yan sa'o'i naman da aka danne yana iya fara mutuwa. Wuraren da ya fi kamawa su ne inda ƙashi ya yi kusa da fata: ƙarshen gadon baya ta saman mazaunai, da diddige, da ƙugu, da idon sawu, da gwiwar hannu, da allon kafaɗa, da ƙeya.

An kasa shi mataki huɗu. A na farko fata ba ta fashe ba, launinta ne kawai ya sauya. A na biyu ta saluɓe ko ta yi bororo. A na uku rami ya buɗe har ana ganin kitse. A na huɗu kuwa rami ya kai ga tsoka da jijiya, har da ƙashi. Na uku da na huɗu su ne masu tsanani, kuma sau da yawa ɓarnar daga ciki take farawa, kusa da ƙashi, shi ya sa za a ga bakin mikin ƙarami alhali cikinsa ya yi faɗi kamar tulu. Irin wannan yakan ɗauki watanni bai warke ba, wani ma ba ya warkewa, kuma idan ƙwayoyin cuta suka shiga ƙashi ko suka bi jini, to shi ne yake zama ajali.

To, ina yawan wannan ciwo ya kai? Ba a iya sanin yawan abu sai an ƙidaya shi, kuma inda aka fi ƙidaya wannan shi ne a ƙasashen da suke tara tsofaffinsu da naƙasassunsu a gidajen jinya na musamman, ma'aikata suna kula da su bisa albashi. Bari mu ɗauki Amurka. A shekarar 2004 hukumar ƙididdigar lafiya ta ƙasar ta yi bincike a irin waɗannan gidaje, aka fitar da sakamakon abin da ya shafi gyambon kwanciya a 2009. A lokacin akwai mutum kimanin miliyan ɗaya da rabi a gidajen. An samu kimanin 159,000 suna ɗauke da gyambon, watau 11 cikin kowane 100. Wajen rabinsu suna mataki na biyu ne, sauran rabin kuma ya rabu tsakanin na farko da na uku da na huɗu. Cikin waɗanda suka rame ba da daɗewa ba, ɗaya cikin biyar yana da shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cikin waɗanda gyambonsu ya kai mataki na biyu ko ya wuce, 35 cikin 100 ne kawai suke samun kulawa ta musamman ta masu jinyar miki. Kuma mai karatu ya lura, wannan ƙidayar waɗanda aka tarar da ciwon a jikinsu ce a lokacin binciken. Wanda ya warke kafin nan ba ya ciki, wanda aka binne ma ba ya ciki.

Akwai wani binciken da ya fi shafar masu irin fatarmu. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga shi a 2011, kuma ya duba mazauna gidajen da suka daɗe a ciki waɗanda suka fi zama cikin haɗarin kamuwa. A 2003 an samu gyambon ga 16.8 cikin 100 na baƙaƙen fata, da 11.4 na farare. Zuwa 2008 ya sauka, ya koma 14.6 da 9.6, amma ratar tana nan. Masu binciken sun danganta wani sashe na ratar ga irin gidajen da baƙaƙe suka fi yawa a ciki. Ban da wannan kuma, sanannen abu ne a wurin masu jinya cewa alamar farko da aka saba koyarwa ita ce jan fata, alhali baƙar fata ba ta yin ja a gani. Za mu dawo kan wannan.

Sa'an nan ga maganar amana. A Amurka gidajen ne da kansu suke rubuta wa hukuma yawan masu gyambo a cikinsu, kuma da wannan rahoto ake auna darajar gida a nuna wa jama'a. A 2022 wasu masana na Jami'ar Shikago suka gwada abin da gidajen suka rubuta da abin da ke cikin takardun asibitoci, sai suka tarar cikin kowane mutum 10 da aka kwantar a asibiti da gyambo mataki na biyu zuwa na huɗu, kimanin 3 ba a rubuta su ba a cikin masu gajeren zama, da kimanin 4 a cikin masu dogon zama. Ashe ke nan adadin da ake faɗa bai kai na gaskiya ba. Wanda aka ba mudu ya auna kansa, in ba tsoron Allah, ai sai ya tauye.

Su kansu Turawa sun daɗe da sanin inda matsalar take. Tun a 1859 Florence Nightingale, wadda ta kafa harsashin aikin jinya na zamani a Ingila, take ganin cewa galibi laifin wannan gyambo na jinya ne, ba na cuta ba. A 1944 Dokta Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville, a zamanin da gyambo da ciwon mafitsara suke kashe mafi yawan irin waɗannan majinyata, ya kafa dokar a juya kowane majinyaci duk bayan sa'a biyu, dare da rana, sai mutane suka fara rayuwa. A watan Oktoba na 2008 kuma hukumar inshorar lafiyar tsofaffi ta Amurka ta daina biyan asibitoci ƙarin kuɗi a kan gyambo mataki na uku da na huɗu idan a asibitin ya samu mutum. Amma adalci ya sa mu faɗa cewa ba kowane gyambo ne shaidar sakaci ba. Idan ajali ya gabato, fata ma takan gaza kamar yadda zuciya da ƙoda suke gazawa, sai miki ya ɓulla duk da an yi iyakar ƙoƙari. Kada wanda ya yi bakin ƙoƙarinsa ya karanta wannan ya ɗora wa kansa abin da Allah bai ɗora masa ba.

Na san abin da ke zuciyar wani mai karatu yanzu. Yana cewa alhamdu lillahi, mu ba mu kai iyayenmu gidan jinya, a gabanmu suke tsufa. Gaskiya ne, kuma ni'ima ce babba, Allah Ya bar mu a kanta. A Suratul Isra'i, aya ta 23, inda Allah Ya yi umurni da kyautata wa iyaye idan tsufa ya same su, akwai kalma ɗaya da malamai suke tsayawa a kanta, watau indaka, a wurinka, cikin kulawarka. Sai dai ina tambaya: tsohon da yake kwance a ɗakin da ke ƙuryar gida, ana tura masa kunu safe da yamma, a wurinka yake, ko kuwa a gidanka kawai yake? Bambancinmu da waɗancan mutane a wannan fage shi ne su suna ƙidaya nasu, mu kuwa namu yana ƙarƙashin mayafi.

Na taɓa zuwa duba wani dattijo, mahaifin wani tsohon ɗalibina, wanda ɓarin jikinsa ya shanye wata uku kafin nan. Ɗakin cike da masu dubiya, an turara shi da turaren wuta, 'ya'yansa maza suna zaune a ƙofa cikin ladabi, kuma babu wanda zai gan su ya ce ba su son ubansu. Amma ƙarƙashin ƙamshin turaren akwai wani wari. Da mutane suka ragu na ja babban ɗan gefe na tambaye shi yaushe rabon da ya ga bayan Baba. Ya sunkuyar da kai ya ce, Malam, ina ni ina buɗe bayan Baba? Matar dattijon ta tsufa, idonta ya yi rauni, ita ce take gyara shi a cikin duhun ɗaki, a kan tabarma bisa siminti. Da aka kira ma'aikacin lafiya aka buɗe, abin da aka gani ba na faɗa a jarida ba ne. Bai yi wata biyu bayan nan ba, Allah Ya jiƙansa.

Kunya ce ta jawo wannan, kuma kunya tana cikin imani, amma ba irin wannan ba. Malaman fiƙihu sun halatta duban al'aura da taɓa ta saboda magani, gwargwadon buƙata. Namiji ya kula da namiji, mace ta kula da mace, miji da mata kuwa babu shamaki tsakaninsu, in kuma ba a samu ba sai wanda ya samu daga cikin muharramai ya yi, ya buɗe iyakar inda ake buƙata, ya sa safar hannu ko ƙyalle. Uwar da ta wanke ka shekara biyu ba ta kau da kai ba, ba kunyarta kake ji ba idan ka bar bayanta yana ruɓewa. Kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Abin da muka saba shi ne a bar wa 'yar auta ko matar ɗa, ita ce girki, ita ce reno, ita ce jinya, sauran kuwa sai aiken kuɗin magani da tambaya ta waya. Mutum ɗaya ba zai iya tashi duk bayan sa'a biyu dare da rana har watanni ba. Wajibi ne 'ya'ya su zauna su raba kwanaki. A Mukhtasar na Shaihu Halilu an bayyana cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, har da ciyar da mai yi musu hidima. Saboda haka wanda aiki ya tsare shi a wani gari, biyan mai jinya ba kyauta ce yake yi ba.

Wani zai ce ai muna juya shi duk lokacin salla. Wannan ya fi babu, amma bai isa ba. Ku lissafa tsakanin Lisha da Asuba, ku lissafa tsakanin Asuba da Azahar, kowanne ya haura sa'a bakwai. A kan tabarma ko katifar da ta mutu, sa'a biyu ita ce ƙa'ida. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda aka yi a kan mutum 942 a gidajen jinya 27 na Amurka da Kanada, ya nuna cewa idan katifar soso ce mai kauri da inganci, ba a ga bambanci ba tsakanin juyawa bayan sa'a biyu da uku da huɗu, matuƙar ana duba fata a kai a kai. Ashe katifa mai kyau tana sayo wa mai jinya barci, tana sayo wa majinyaci fata. Kuɗinta kuwa bai kai abin da muke kashewa wajen dafe-dafen sadakar bakwai da ta arba'in ba, sa'ad da mai bayan ba ya buƙatar katifa.

Wajen juyawa, kada a ɗora shi sosai a kan ƙashin ƙugu, a karkata shi kaɗan ne a tokare bayansa da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyinsa. Idan yana rigingine a sa matashi ƙarƙashin sha-raɓarsa yadda diddige zai yi lilo bai taɓa komai ba. Kada a ja shi a kan shimfiɗa, mutum biyu su ɗaga shi da zane, domin ja yana yaga naman ciki. Fitsari da gumi suna laushe fata, saboda haka a sauya jiƙaƙƙen zane nan take, kuma kada a kwantar da shi kan leda tsirara. Waɗansu suna rage masa ruwan sha don fitsari ya ragu, wannan kuwa zalunci ne ko da ba a nufe shi ba. Kunu kaɗai ba ya gina nama, a haɗa masa da ƙwai da wake da nono da kifi gwargwadon hali, in likita bai hana ba.

A duba jikinsa kullum da hasken rana ko fitila mai ƙarfi. Tun da yake fatarmu ba ta nuna ja, sai a nemi inda ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, a taɓa da bayan hannu a ji ko ya fi zafi, ko ya taurare, ko ya yi laushi dabam. Idan an ga haka, a ɗauke nauyi daga wurin ɗungum. Kada a murza shi, kada a gasa shi da ruwan zafi kamar yadda muka saba yi wa targaɗe, domin wanda jikinsa ya mutu ba ya jin ƙuna sai dai a ga fata ta saluɓe. Idan ya fashe, a kira ma'aikacin lafiya, kada a cusa toka ko garin magani a rami. Ana yawan tambayata game da zuma. Lalle Alƙur'ani ya ambaci waraka a cikinta, kuma akwai zumar da aka tace musamman ana ɗaure miki da ita a asibitoci, amma babu maganin da zai warkar da gyambon da ake ci gaba da kwanciya a kansa.

Saura hukuncin tsarki da salla, domin nan ma ana yin kuskure. A mazhabar Imamu Malik fitar jini ko mugunya daga miki ba ya warware alwala, kuma abin da yake tsatsowa da kansa daga gyambo an yi afuwa a kansa saboda wahalar kauce masa. Idan mikin yana diddige ko gwiwar hannu, watau a gaɓar alwala, sai a shafa a kan ɗaurin, kuma ba sharaɗi ba ne a ce an ɗaura shi cikin tsarki. Haka ma a wanka. Idan ruwa zai cutar da shi, sai ya yi taimama.

Game da salla, asalin hukuncin yana cikin hadisin Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, wanda Buhari ya ruwaito. Ya kai kukan ciwonsa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya umurce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Shi Imrana ya san kwanciya, domin masu tarihin sahabbai sun ambaci cewa ya yi shekara 30 yana fama da ciwon ciki kafin ya rasu a Basra a shekara ta 52 bayan hijira. Malamanmu sun ce mai kwance ya fara da gefen dama, sa'an nan hagu, sa'an nan rigingine ƙafafunsa suna fuskantar alƙibla, kuma jerantawa tsakanin waɗannan uku mustahabbi ne, ba wajibi ba. Na faɗi wannan ne domin na ga gidajen da ake barin majinyaci a gefen dama yana kallon gabas wuni da kwana, ana ganin sunna ake bi, har ƙugunsa na dama ya huje. Kwanciya a dama sunna ce ga mai shirin barci wanda zai iya juyawa da kansa. Wanda kuwa gyambo yake damansa, ya yi salla a hagunsa, sallarsa ta inganta, kuma da ya sallame a dubi agogo.

Allah ne Mafi sani. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake wankan gawar da ke da irin wannan miki, da lokacin da ake komawa ga taimama.